Saiwa, Allura da Littafin Ƙidaya: Da Me Za a Auna Magani?

A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin saƙonnin da Bello ya ba shi ya kai wa Sarkin Ingila har da buƙatar a aiko da likita ya zauna a ƙasarsa. Mai wannan buƙata kuwa masanin magani ne shi kansa. Ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan basir da ciwon ido da wankin ciki da filasko, yana ɗebowa daga Ɗibbun Nabiyyi da littattafan likitocin Musulunci na da, amma bai ga ƙasƙanci a neman abin da ke hannun wasu ba. Bayan shekara 200 zancen ya rabu gida biyu, kowane gida da zafin kansa. Wasu na ganin duk abin da ya fito daga saiwa da sassaƙe camfi ne, wasu kuma sun haƙiƙance abin da aka gada kaka da kakanni ba ya cutarwa tunda daga ƙasa ya tsiro. Maƙalar nan tana ganin duka ɓangarorin sun riƙe ma'aunin da ba ya auna komai. Ko daga dajin Falgore magani ya fito ko daga masana'anta a Jamus, asalinsa ba ya faɗa wa kowa ko yana warkarwa. Ƙidaya ce ke faɗa: mutum nawa suka sha, nawa suka warke, nawa suka rasu, kuma nawa ne da ma za su warke ko da ba su sha ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa ido a wannan fage. Tun taron Alma-Ata na 1978 ta amince masu maganin gargajiya su shiga aikin kiwon lafiya a matakin farko, a 2002 ta fitar da tsarinta na farko a kan batun, a 2022 kuma ta kafa masa cibiya a Jamnagar ta Indiya. Abubuwan da ke ƙarƙashin wannan inuwa ba su da wata dangantaka sai kasancewarsu a wajen manhajar makarantun likitanci. Akwai tsofaffin tsare-tsare masu littattafai da makarantu, irin na Sinawa da Ayurbeda ta Indiya, ƙasar da ta buɗe wa nata ma'aikatar gwamnati sukutum a 2014. Akwai waɗanda mutum ɗaya ya ƙirƙiro, kamar homiyofati na Samuel Hahnemann a Jamus a 1796, da gyaran ƙashin baya na D. D. Palmer a Amurka a 1895. Akwai yoga da tausa da tsiran allura. Masana kuma kan rarraba su ta yadda ake amfani da su: wanda ake haɗawa da na asibiti ƙari ne, wanda ake sha a maimakonsa madadi ne. Cokalin zuma ɗaya zai iya zama ko wanne, ya danganta da ko mai tarin fuka ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa ko ya watsar da su.

A ƙasar Hausa magani sana'o'i ne, kowace da iyakarta, akasarinsu kuma gado. Wanzami na da ƙaho da kaciya da cire beli. Maɗori na da karaya da targaɗe da gocewar ƙashi. Ungozoma na kula da mai jego da cibiyar jariri, maƙeri na ba da maganin ƙuna, Basarke na cire ƙayar kifi in ta maƙale a wuya, mafarauci da gardi su ake nema in maciji ya yi sara. 'Yar mai ganye ta riƙe ciwon yara, boka da ɗan bori sun riƙe iska da sammu, malami kuma na da rubutun sha da tofi da laya, fannin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi digirinsa na uku a kai a Jami'ar Bayero a 1995. Daga shekarun 1990 wani sabon reshe ya tofo: shagunan habbatus sauda da man zaitun, da masu ruƙiyya, ƙahon sa kuma ya koma kofin roba da safar hannu. Shi majinyaci bai cika damuwa da waɗannan iyakoki ba. Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazari, ya lura cewa yawancin mutane ba sa neman sanin ƙa'idar da ke bayan magani. Daga wannan hannu suke bi zuwa wancan, har da kemis da asibiti, suna fatan a dace.

Mutum nawa ne ke bin wannan hanya? Kusan duk jawabin da za a ji ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, sai an ce kashi 80 cikin 100 na 'yan nahiyar da shi suka dogara. Masu bin diddigi sun gano tushen adadin a wani littafi na farkon shekarun 1980, kuma ƙiyasi ne, ba sakamakon ƙirga ba. Wani nazari da aka buga a 2016 a kan ƙasashe shida ya samu ƙasa da kashi 3 cikin 100 na mutanen Ghana da Afirka ta Kudu ne suka ce wurin mai maganin gargajiya suka fi zuwa. Wannan ma ba shi ne ƙarshen magana ba, don tambayar ba ta kama jiƙon sabara da uwa ke yi a tsakar gida ba, kuma ba kowa ke faɗa wa mai takarda da biro cewa ya je wurin boka ba. Abin lura dai shi ne fagen da adadinsa mafi shahara ba a ƙirga shi ba.

Dalilan zuwa kam a fili suke. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, likitoci kuma ba su fi huɗu ga kowane mutum 10,000 ba, yawancinsu a birane. Maɗori yana unguwa, yana jin Hausa, yana karɓar kafin alƙalami kaɗan ya jira sauran sai an warke. Yana kuma sauraro. Ga batun amana: mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma inuwar wannan ta kai har ga ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda ke kiran masu zuwa wurin mai ganye jahilai bai yi lissafin kuɗin mota daga ƙauye zuwa babban asibiti ba.

Cewa tsirrai na ɗauke da magani na gaske ba abin jayayya ba ne. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona aka tace shi a 1820, wasu magungunan sankarar jini daga wata fulawa ta Madagaska suka fito, kuma Farfesa Efem na Kalaba ya ba da rahoto a 1988 kan majinyata 59 masu gyambo da raunukan da suka ƙi jin magani, kusan dukkansu suka samu sauƙi da zuma. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta ci kyautar Nobel a 2015 saboda gano sinadarin atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau. Masu kare gargajiya kan tsaya a nan, su ce ai daga littafin Ge Hong na ƙarni na huɗu ta samo shi. Gaskiya ne. Amma ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗe sama da 2,000 daga tsofaffin littattafai, suka gwada ɗaruruwan tatattun ruwan tsirrai a kan ɓeraye, kusan duka suka faɗi. Samfuri na 191 ne ya ci, a 1971, bayan ta gane tafasawa na kashe sinadarin ta koma tacewa ba da zafi ba. Littattafan da suka ajiye maganin gaskiya su ne suka ajiye ɗaruruwan da ba sa komai, a shafuka maƙwabtan juna, kuma ba wanda ya iya rarrabe su sai da aka gwada.

Tsiron da aka samo atemisinin daga gare shi ɗan'uwan tazargade ne, shi ne kuma ya sake tashe a 2020 lokacin da shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya ɗaga kwalba gaban 'yan jarida ya ce maganin korona ne. Ƙasashen Afirka da dama sun karɓa, har da Najeriya. Da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta duba, sai ta ce ba ta ga hujjar yana warkar da cutar ba. Tsiro ɗaya, a hannu ɗaya ya ceci miliyoyi, a wani hannun ya zama talla.

Najeriya ma tana da nata labarin, mai daɗi da ɗaci. A ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, wani limamin coci daga ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, ya kai wa NIPRD haɗin da ya gada a farkon shekarun 1990. Uku daga cikin kayan haɗin guda huɗu kowace Bahaushiya ta san su: masoro, kanumfari da karan dafi. Cibiyar, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla yarjejeniya da shi, ta sa sunansa cikin masu haƙƙin mallaka, ta daidaita ma'aunin haɗin, ta sa masa suna Niprisan. Gwajin da aka buga a 2001 a kan majinyata 82 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Gwaji ne ƙarami, masana kuma sun nemi a yi babba. Maimakon haka aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisi a 2002, aka ƙaddamar da maganin a 2006 da sunan Nicosan, kamfanin ya karye, gwamnati ta janye lasisin a 2009, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru. Ilimin mai gadon ya tsaya da ƙafarsa, na masu binciken ma haka. Kuɗi da riƙon amana ne suka gaza, kuma su ne ba a cika ambata a bukukuwan ranar 31 ga Agusta ba.

To me ya sa shaidar wanda ya ce ya gwada ya gani ba ta isa ba? Saran maciji ya fi komai bayyana amsar. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ita ce ta fi kisa a yankin Gombe da Taraba da Filato. Binciken da David Warrell da abokansa suka fara daga Zariya a shekarun 1970 ya nuna cikin mutum goma da ta sara, ɗaya ko biyu ne ke rasuwa in ba a yi musu allurar kashe dafi ba. Ke nan mai maganin da bai ba da komai ba sai ruwan rijiya zai ga takwas ko tara cikin goma sun tashi, su yi ta yi masa godiya, sunansa ya kai ƙauyuka bakwai. Ba ƙarya yake yi ba in ya ce maganinsa na ci, abin da idonsa ya gani yake faɗa. Sai dai a asibitin saran maciji na Kaltungo, in akwai allura mai kyau, masu rasuwa ba sa kai biyu cikin 100. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ba ta ganuwa ga mutum ɗaya a zaurensa. Sai an tara ɗaruruwa a littafi take fitowa. Baƙin dutsen da ake mannawa a bakin sara ma an gwada shi a kan dabbobi, bai hana dafi aiki ba.

Turawa ba su tsira daga wannan ruɗi ba. A Jamus an raba masu ciwon baya 1,162 kashi uku, sakamakon ya fito a 2007. Cikin waɗanda aka yi wa tsiran allura bisa ƙa'idar Sinawa, kimanin kashi 48 cikin 100 sun ji sauƙi. Waɗanda aka tsira wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Masu jinyar da aka saba kuwa, kashi 27 kacal. Ƙa'idar ta faɗi, amma zaman da ake yi da majinyaci da taɓa jikinsa da sa ransa sun yi aikin da ƙwaya ba ta yi ba, darasin da ya kamata likitan da ke sallamar mutum cikin minti uku ya tsaya a kai. Homiyofati, da ake sirka magani da ruwa har ba abin da ya rage, bai samu ko wannan rangwamen ba: hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta ce a 2015 ba ciwon da aka tabbatar yana warkarwa, Ingila kuma ta ba da shawarar daina biyan kuɗinsa a asibitocin gwamnati a 2017.

Akwai kuma inda ƙidaya ta nuna ɓarna ƙarara. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, aikin gargajiya aka yi musu, wato a soka tsinke a tura yanar can cikin ido, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu a makance aka same su. A Zariya, nazarin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka buga a 1983 ya ɗora kashi 13 cikin 100 a kan yankan gishiri. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan haɗin rage ƙiba na ganyayen Sin da aka cakuɗa da wani tsiro dangin duman dutse. A Boston, 14 cikin magungunan Ayurbeda 70 da aka auna, a binciken da aka buga a 2004, na ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik. Duk da haka babbar illar ba guba ba ce, jinkiri ne. Masu bincike na Jami'ar Yale sun nuna a 2018 cewa masu ciwon daji da suka zaɓi madadi kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuma fiye da sau biyar. Da jinkiri ya zama manufar gwamnati a Afirka ta Kudu zamanin Thabo Mbeki, ministar lafiya na tallan tafarnuwa da lemun tsami ga masu ƙanjamau, masana na Harvard sun ƙiyasta rayuka sama da 330,000 suka salwanta.

Kada a ɗauka gwaji kullum gargajiya yake kayarwa. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana wani ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, mai kumbura jiki da toshe numfashi, wanda yawansa a can ya kai kusan mace ɗaya cikin 100, adadin da ba a san irinsa a duniya ba. Suka ɗora laifin a kan wankan jego na kwana arba'in da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da kunun kanwa: gishirin kanwa ya tara ruwa a jiki, zafi ya ƙara wa zuciya nauyi. Bayanin ya shiga hankali, ya shiga littattafai, ɗaliban likitanci suka haddace shi shekara da shekaru. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka sake ƙirgawa, suka kwatanta masu ciwon da masu jegon da ba su da shi. Sakamakon da suka buga a 2020 daga asibitoci da dama na ƙasar bai samu alaƙa mai ƙarfi da wanka ko kunu ba. Abin da ya fito shi ne rama da rashin karatu da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki, ga kuma ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Wannan bai wanke tafasasshen ruwa daga ƙunar da yake jawowa ba, bai kuma halatta kanwa ga mai hawan jini ba. Amma ya nuna asibiti ma kan riƙe zato shekara 40 yana kiransa sani, kuma abin da aka yi ta zargin kakanni da shi mai yiwuwa talauci ne.

Hukuma fa? Lambar hukumar NAFDAC da mai lasifika ke nunawa a bakin kasuwa, yana lissafa basir da sanyi da taifot da ƙarfin maza a kwalba ɗaya, yawanci ta jerin wucin gadi ce ta shekara biyu. Tana nufin an duba ba a ga guba ba. Ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa, shi ya sa ake wajabta rubuta hakan a jikin kwalbar, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. Ghana ta yi gaba a nan: cibiyar binciken maganin tsirrai ta Mampong tun 1975, dokar sana'ar a 2000, digiri a fannin maganin tsirrai a jami'ar Kumasi tun 2001, da sassan maganin ganye a wasu asibitocin gwamnati. Cikas ɗin da ya rage shi ne sirri. Mai gado ba ya faɗin haɗinsa, kuma yana da hujja, don 'yan ƙabilar San na kudancin Afirka sai da suka yi ƙorafi kafin a sa su cikin ribar tsiron hudiya a 2003. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi rabon riba, amma ba a fassara ta ga Sarkin Ɗori ba.

Hanya mafi arha ta fito ne daga Mali. Masu bincike suka bi ɗaruruwan gidaje suna tambaya abu biyu: da yaro ya yi zazzaɓi me aka ba shi, kuma yaya ya ƙare? Cikin tsirrai masu yawa da aka ambata, wani mai ƙaya da fure rawaya, argemon, shi ya fi yawan zuwa tare da warkewa, alhali waɗanda suka fi suna ba su taka rawar gani ba. Aka gwada dafaffen ruwansa a wani ƙauye na yankin Sikaso, aka buga a 2010: kashi 89 cikin 100 ba su buƙaci wani magani ba, a ɓangaren maganin zamani kuma kashi 95. Bai kai na asibiti ba, amma ya isa taimakon farko inda asibiti ke da nisan yini.

A fannin taɓin hankali, Thomas Lambo ya fara aiki da masu maganin gargajiya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta tun 1954. Farfesa Oye Gureje ya ɗora a kai da gwajin da aka buga a 2020, a Badun da Kumasi, da majinyata 307 da ke kwance a gidajen masu magani da masu addu'a. A rabin wuraren aka haɗa mai gidan da ma'aikacin lafiya da ke zuwa duk mako da ƙwayoyi, majinyaci na nan inda danginsa suka amince. Bayan wata shida waɗannan sun fi samun sauƙi, ɗaure mutane da mari kuma ya ragu ƙwarai a ɓangarorin biyu. Irin wannan aiki ba ya buƙatar sabon gini a Kano ko Damagaram ko Katsina, don sana'o'in suna da shugabanninsu tun da, Sarkin Aska da Sarkin Ɗori da shugabar ungozomomi. Abin da za a fara da shi littafi ne a zauren kowane maɗori, a rubuta wanda ya zo da irin karayarsa da yadda ya ƙare bayan wata uku, da lambar wayar ma'aikacin asibiti mafi kusa, da yarjejeniya a kan alamomin da in an gan su ba a kwana: ƙashi ya huda fata, yatsu sun yi sanyi ko sun fara baƙi a ƙarƙashin karan ɗori.